Nat da Sadul: Wanne Ya Fi Canza Sautin Jita, Kuma Yaya Ake Gwadawa da Waya?

Masu koyon jita da yawa na kashe kuɗi wajen canza kayan da ba su ne matsalar ba. Akwai ƙananan abubuwa biyu da kowace tsirkiya ke hawa a kansu. Na farko shi ne nat, ɗan farin abu mai tsaga-tsaga da ke ƙarshen wuya, kusa da maɗaura. Na biyu shi ne sadul, wanda ke kan cikin jitar, aikinsa kamar na jakin goge ko garaya.

Wanne ya fi tasiri?

Sadul ne. Ta cikinsa girgizar tsirkiya ke shiga katakon fuskar jita, don haka kowane sauti sai ya bi ta kansa. Shi kuwa nat, tasirinsa na kan tsirkiyar da aka kaɗa a sake. Da zarar yatsa ya danne ta, ƙarfen firet ne ya zama iyakarta. A jitar lantarki, irin wadda Mdou Moctar na Nijar ke kaɗawa, maganaɗisu ne ke ɗauko girgizar, shi ya sa bambancin ba ya fitowa kamar a jitar katako.

Kayan da ake yin su da shi

Roba: ita ake sawa a jitoci masu araha. Tana da laushi, tana shanye wani ɓangare na girgizar, kuma tsirkiya na saurin cinye ta.

Ƙashin saniya: yana da tauri, sautinsa ya fi fitowa tas, ya kuma fi daɗewa. Sai dai taurinsa na iya bambanta daga wuri zuwa wuri.

TUSQ: kamfanin Graph Tech na Kanada ke yin sa, taurinsa ɗaya ko'ina. Wannan na da amfani idan akwai na'urar ɗaukar sauti ta fiyezo a ƙarƙashin sadul.

Tagulla: tana da nauyi, tana ƙara kaifin sauti.

Hauren giwa: an taɓa amfani da shi, amma yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989. A guje shi.

Gwaji da waya

1. A sauke manhajar saita sauti kamar GuitarTuna, da mai nuna zanen mitar sauti kamar Spectroid.
2. A ajiye wayar wuri ɗaya a ɗaki marar hayaniya.
3. A kaɗa tsirkiyar A a sake, ya kamata ta ba da 110 Hz. A firet na 12 kuma 220 Hz. Idan ta kauce, a duba zaman sadul da tsayinsa.
4. A naɗi sautin, a ƙirga daƙiƙun da yake yi kafin ya mutu.
5. A canza sadul kaɗai, a mayar da tsirkiyoyin da aka cire, a maimaita.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin sabbin tsirkiyoyi kaɗai na canza sauti sosai, har mutum ya ɗauka aikin ƙashi ne.

Idan kuma jita na yawan kwancewa daga saiti, sau da yawa tsagar nat ce ke riƙe tsirkiya. A goga bakin fensir a ciki kafin a sayi sabo. Sannan sadul na roba da ya zauna daidai ya fi na ƙashi da gindinsa bai miƙe ba.