Yadda Ake Horar da Mai Tuta a Wurin Aikin Titi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kunya zuwa Babura har Babban Mutum, ko ta Kazaure zuwa Daura, ya san yadda titi ke komawa idan 'yan kwangila suka sauke kaya. A datse hannu ɗaya, gireda da rola su mamaye shi, masu zuwa da masu dawowa su koma rabon ɗayan. A bakin wannan matsatsi za ka tarar da mutum riƙe da jar tuta. Sau da yawa leburan da aka ga ba ya iya shebur ne ake turawa can, alhali ran direba da na fasinja da na abokan aikinsa duk a hannunsa suke. Horar da shi ba ya cin kuɗi sosai, tsari kawai yake so.

Daga zaɓe ake farawa. A nemi mai lafiyar ido da kunne, wanda ke bambance ja da kore, ya iya karanta lambar mota, ba ya shaye-shaye, kuma zagi ba ya tunzura shi. Ɗan gari ya fi, don ya san ranar kasuwa da lokacin tashin 'yan makaranta da inda shanu ke tsallakawa.

Sai zaman karatu, wanda jami'in kula da lafiyar ma'aikata na kamfanin ke jagoranta. Ya dace a gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, su koyar da alamomin hanya: mai kusurwa uku gargaɗi ce, mai da'ira umarni. Amma darasin da ya fi kowane nauyi lissafi ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma ko kwalta na da kyau, birki na ci, sai ta haura mita 50 kafin ta tsaya cak. Tirelar da ta ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba, balle idan iska ta shimfiɗa rairayi a kan titi, abin da mutanen Babura suka sani sarai. Wanda lissafin nan ya zauna masa ba zai yarda ya tare mota da ƙirjinsa ba.

Daga nan a fita fili a koya masa jera kaya. Allon gargaɗi na can nesa shi ake fara kafawa, sai na rage gudu, sai robobin da ake jerawa a karkace su janye mota zuwa hannun da aka bari. Bayansu a bar fili wayam, ba mutum ba na'ura, domin motar da birkinta ya ƙi ta sami wurin tsayawa. In an tashi aiki, a kwashe daga ciki zuwa waje, allon nesa ya zama na ƙarshe.

Inda zai tsaya ya fi tutar kanta muhimmanci, don haka a nan mai koyarwa zai daɗe. A gefen titi yake tsayawa, fuskarsa na kallon motocin da ke tahowa, shi kaɗai, ba cikin masu talla ba, ba a inuwar bishiya ba komai zafin rana, domin inuwa na ɓoye mutum. Ya san inda zai yi tsalle idan mota ta nufo shi, kada ya zamana tifa ko ramin kwalbati ne a bayansa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Babura direba na hango shi tun daga nesa. A wajen Kazaure da Roni da Gwiwa kuwa, inda duwatsu ke kawo kwana da hawa, dole ya matsa gaba har inda za a gan shi kafin a sha kwanar. Riga mai ɗaukar ido da hular kwano da usur ba a barinsu a mota. Lokacin hazon hunturu ko da dare a ƙara masa fitila mai jan haske.

Ishara uku ce. Tsaya: ya miƙa tuta a kwance, ya ɗaga tafin ɗaya hannun. Wuce: ya sauke tuta ƙasa, ya kira mota da hannu. Rage gudu: ya riƙa ɗaga tutar yana saukewa sannu a hankali. Ba a kaɗa jar tuta don a ce wa mota ta wuce. Ranar da direbobi suka saba da haka, ja ta daina tsayar da kowa.

Abin da ya fi wuya shi ne haɗa baki da mai tutar ɗaya bakin. Ɗaya ne shugaba. Ba ya sakin layinsa sai ɗan'uwansa ya gaya masa, ta oba-oba ko ta waya, launi da lambar motar ƙarshe da ya saki, kuma ya ga fitowarta da idonsa. In ba na'ura, a ba direban ƙarshe sanda ya miƙa a can. Idan amalanken shanu ya shiga, a jira shi, ko da na baya sun cika wuri da ham. Motar asibiti a buɗe mata da zarar hanya ta zama fayau. Direban da ya yi taurin kai ya kutsa kuwa ba a binsa: a busa usur ma'aikata su kauce, a rubuta lambarsa a kai wa shugaban aiki. Mai tuta ba ɗan sanda ba ne, kuma ba ya karɓar ko sisi daga hannun kowa.

Bayan ya yi kwanaki kusa da wanda ya ƙware, a gwada shi da baka da kuma a kan titi, sannan a ba shi shaida. A jihar Kwinsland ta Ostareliya ba mai wannan aiki sai da katin gwamnati, ana kuma sabunta shi duk shekara 3. A nan gida, Cibiyar Ƙwararrun Kula da Lafiyar Ma'aikata, ISPON, wadda dokar 2014 ta tabbatar, tana horarwa tana ba da takardun shaidar HSE, wato kiyaye lafiya da kariya da muhalli a wurin aiki, kuma jami'in da ke koyarwa ya kamata ya mallake su. Shi mai tuta, a ganina, kamfani ya ba shi kati mai hotonsa da ranar horo da sa hannun wanda ya gwada shi, don ya nuna a aiki na gaba. Ma'aikatun ayyuka da hukumomin gyaran hanya, FERMA ta tarayya da JIRMA ta Jigawa, su sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila, injiniyan da ke duba aiki ya riƙa tambayar katin kamar yadda yake auna kaurin kwalta.

A horar da mutum uku a wurin da ake bukatar biyu. Na ukun shi ke karɓar tuta duk bayan awa biyu ɗan'uwansa ya sha ruwa ya huta, shi ne kuma ke tsayawa lokacin azahar da la'asar, ta yadda bakin hanya ba zai zauna ba kowa ba.