Lambu a Cikin Gida

Da rani, in ƙasa ta bushe, ganyen miya yakan yi tsada a kasuwa. Gidaje da yawa sai su koma ga busasshiyar kuka, a yi wata da watanni yaro bai ɗanɗana ɗanyen ganye ba. Alhali kuwa a gidajen nan kullum ana zubar da ruwan wanke-wanke, ya bi rariya ya kwanta a lungu, sauro ya yi ƙwai a ciki. Ruwan nan ya isa ya rayar da ɗan lambu.

To, yara, kafin ku ɗauki fartanya, ku yi kwana biyu ko uku kuna duban gidanku. Ku lura da inda rana ke daɗewa, da inda inuwar katanga ke faɗawa, da hanyar da ruwa ke bi. Wurin da ya kai taki 6 a tsawo, 4 a faɗi, ya wadatar, in dai yana samun rana rabin yini. Ya fi kyau ya zama kusa da madafa, domin lambun da ke nesa da ido shi aka fi mancewa da ba shi ruwa.

Ku fara da itatuwa. Zogale da gwanda a gefen arewa za a sa su. Dalili kuwa, lokacin sanyi rana takan karkata kudu, inuwa ta faɗa arewa, saboda haka ba za su tare wa ƙananan tsirai haske ba. Kuma za su rage ƙarfin iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas. Zogale ba shi da wuya, ko reshensa aka kafa sai ya kama. Ku haƙa 'yar hanya daga rariya zuwa gindinsu. Amma ruwan da ke da sabulu da yawa kada ya taɓa ganyen da za a ci.

Gaban itatuwan sai kuɓewa da yakuwa da barkono, sa'an nan alayyafo can bakin hanya, inda hannu zai kai kowace safiya. Kada ku bar wake a baya. In kun tuge shi za ku ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu ɗebo abincin tsiro daga iska, su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kabewa kuwa sai ta yaɗu ta rufe ƙasa, laima ta daɗe.

Irin wannan shiri, watau kowane abu ya taimaki ɗan'uwansa, shi ne wasu mutanen Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka yi wa littafi a 1978, suka kira shi famakalca. Manomanmu dai tun kaka da kakanni suke haɗa gero da wake a gona ɗaya.

Saura taki. Ku haƙa rami a kusurwa, ku riƙa zuba ɓawon kayan miya, da busasshen ganye, da kashin awaki, da 'yar toka, kuna yayyafa ruwa. Sai ya ruɓe ya yi baƙi tukuna za a kai shi gindin shuka, gama ɗanyen kashin kaji yakan ƙone tsiro. Kafin ku zuba iri ko ɗaya, ku kewaye wurin da darni mai ƙarfi, ku toshe ƙasansa da ƙaya saboda kaji da 'yan awaki.