Motsi Na Bai-Ɗaya: Wa Ke Tafiya, Wa Ke Tsaye?

A ilmin kimiyya ba a cewa abu yana motsi sai an gwada shi da wani abu da aka ɗauka a matsayin tsayayye. Wannan abu shi za mu kira madogara. A Limawa, cikin garin Dutse, madogara ba ta da wuyar samu: ga duwatsun da garin ya samo sunansa, ga itatuwan dabino, ga turakun lantarki a bakin titi.

Idan abu ya bi miƙaƙƙiyar hanya, yana cin nisa iri ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi, to motsinsa na bai-ɗaya ne. Ƙa'idarsa kuwa ita ce: nisa daidai yake da sauri sau lokaci. Alal misali, motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 ke nan a kowace daƙiƙa, wato mita 100 cikin daƙiƙa 5.

To amma fa wannan lissafi na mai tsaye a gindin turke ne. A wurin fasinja, kujerar gabansa ba ta motsa ko taƙi ɗaya ba. Haka balbelar da ke bisa bayan saniya: a wurin makiyayin da ke zaune tafiya take yi, a wurin saniyar kuwa tana nan daram. Hatta duwatsun Dutse, duniya na ɗauke da su tana zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa. Galileyo, masanin Italiya, ya bayyana wannan a 1632 da misalin jirgin ruwa, sannan Niyuton na Ingila ya kafa shi a dokarsa ta farko a 1687: abu ba ya canza motsinsa sai wani ƙarfi ya taɓa shi.

Me ya sa ba ma jin irin wannan motsi a jikinmu? Dalili shi ne, gaɓoɓin daidaito da ke can cikin kunne canjin motsi kawai suke ji: tashi, birki ko kwana. Saboda haka direban da ya daɗe a kan gudu ɗaya yakan raina gudun nasa. Da zarar ya taka birki, motar ta tsaya, jikin fasinja kuwa ya ci gaba da tafiya. Amfanin ɗaura bel ke nan. Haka kuma yaron da ke bukatar daƙiƙa 6 kafin ya tsallaka titi, idan waccan mota tana nisan mita 100, za ta riske shi bai kai gefe ba.

Malamai na iya gwada wannan darasi a filin makaranta. A kafa turaku shida a jere, tsakanin kowane biyu mita 10, ɗalibi ɗaya ya yi tafiya, sauran su rubuta lokacin da ya wuce kowane turke. Idan tazarar lokutan ta zo ɗaya, motsinsa na bai-ɗaya ne. Idan ta saɓa, sai a tambayi ajin inda ya ƙara sauri da inda ya rage.