Elektiron Gwauro da Jan Maganaɗisu: Nazari daga Hajar Iyakar Jibiya

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Magamar Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ta daɗe tana ɗaukar gishiri da kanwa da tsofaffin ƙarafa. Ɗan gwangwan da ke cinikin ƙarafan ba ya rabuwa da guntun maganaɗisu, wanda Bahaushe ke kira mayen ƙarfe, domin da shi yake ware baƙin ƙarfe daga jan ƙarfe mai tsada. Daga nan ɗalibai da dama suka ɗauka cewa duk abin da ya ƙunshi ƙarfe sai maganaɗisu ya kama shi. Wannan fahimta gurguwa ce, kuma ana ganin gurguncinta idan aka duba zaman elektiron a cikin ƙwayar zarra.

Kowane elektiron yana da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Bisa ƙa'idar da Wolfgang Pauli ya gabatar a 1925, mazauni guda ba ya ɗaukar fiye da elektiron biyu, kuma wajibi ne su saɓa wa juna fuska, sai ƙarfin ɗaya ya soke na ɗaya. Ana iya kiran waɗannan ma'aurata, wanda ya zauna shi kaɗai kuwa gwauro. Gishiri da kanwa da ruwa duk elektiron ɗinsu ma'aurata ne, saboda haka maganaɗisu ba ya jan su. Hasali ma yana ɗan ture su, turi mai rauni da sai da na'ura ake gane shi. Michael Faraday ya bayyana wannan hali a 1845, kuma shi ake kira dayamagnetik. Sinadarin da ke da gwauro ko da ɗaya ne, ana jan sa, sunansa faramagnetik. Iskar oksijin tana cikin wannan rukuni da gwauraye biyu a kowace ƙwaya.

Ana ƙiyasta ƙarfin jan da lissafin √n(n+2), inda n ke nufin yawan gwauraye: ɗaya ya ba da 1.73, biyar su ba da 5.92 a ma'aunin Bohr.

Sai dai yawan gwauraye kaɗai bai isa hujja ba, kuma a nan ne darasin ya fi nauyi. Hematait, wato Fe₂O₃, wanda ke ba marmara da jar ƙasa launinsu, kowace ƙwayar Fe³⁺ a cikinsa tana ɗauke da gwauraye biyar, amma maganaɗisun ɗan gwangwan ba ya ɗaga shi. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke maƙwabtaka sun fuskanci sassa mabambanta, suka kusa kashe ƙarfin juna baki ɗaya. Magnetait, Fe₃O₄, da akan samu cikin baƙin yashin da ruwa ke bari a kwazazzabai, shi ma ƙwayoyinsa saɓani suke yi, illa dai ɓangarorin biyu ba su yi kunnen doki ba. Rarar da ta saura ita ke manne yashin a jikin maganaɗisu. Louis Néel na Faransa ya warware wannan a 1948, ya kuma sami lambar Nobel a 1970.

Maganar ba ta tsaya kan duwatsu ba. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell sun nuna cewa sinadarin hemogulobin na jini, idan yana riƙe da oksijin, ba shi da gwauro, idan kuwa ya sake ta sai kowace ƙwayar ƙarfe ta bayyana da huɗu. Ƙwayar cutar maleriya, wadda ke addabar yankin Jibiya da Maraɗi duk damina, tana cin wannan hemogulobin ta tara ragowarsa a matsayin hemozoyin, ƙananan lu'ulu'ai masu Fe³⁺ da maganaɗisu ke ja. A kan wannan hali masu bincike suka ƙera na'urorin da ke gano cutar daga ɗigon jini ta amfani da maganaɗisu da haske.