Darasi: Ƙugin Jirgin Sama da Zaɓen Wurin Gini

'Yan'uwa manoma, waɗansu ƙungiyoyinmu suna noma kusa da filin jirgin sama, kamar na Heipang a ƙasar Jos. Jiragen can ba su kai na Kano ko Abuja yawa ba, mun kuwa saba mu ɗaga kai mu dube su, mu koma kan fartanya. Amma ranar da za mu kafa makaranta ko ɗakin kaji, sai mu yi shawara tukuna.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai kada matsakaicin ƙarar jirage ya wuce 45, da dare kuwa 40, gama ƙara tana ɓata barci ko da mutum bai farka sarai ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne yara. A 1992 aka rufe tsohon filin jirgin Munik a ƙasar Jamus, aka buɗe sabo a karkara. Masana sun gwada yaran wuraren nan biyu kafin ƙaurar da bayanta. Yaran tsohon wurin, karatunsu da riƙe abu a ka suka gyaru. Na sabon wurin kuwa suka ja baya. Ba abin mamaki ba ne: in malam yana magana jirgi ya wuce, kalmar nan ta ɓace ke nan.

Shanu da awaki sukan saba. Kaji ne matsorata. Ƙugin farat ɗaya yakan sa su taru a lungu su danne juna, har waɗansu su mutu.

To, mu lura. Jirgi yakan tashi yana fuskantar iska, tashinsa kuma ya fi saukarsa ƙugi. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka gefen da jirage suke tashi yana iya sauyawa. Kwamiti ya sa mutum ya rubuta wucewar jirage mako guda da rani, mako guda da damina, kafin a haƙa harsashi. Kada mu dogara ga shuka itatuwa, ƙarar daga bisa take zuwa. Rufin soro ya fi kwano tsare ta. In kwano ne, a sa masa silin.

Domin tattaunawa: ta ina jirage suke bi a kan ƙauyenmu? Filin da dagaci ya ba mu, a ƙarƙashin hanyarsu yake ko a gefe?