Gawon Gonarka

Manomi ɗan'uwa, dubi gawon da ke gonarka. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, shi kore shar yake, awaki na cin ƴaƴansa, suna bar maka kashi a gindinsa. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Ikon Allah! Wa ya koya masa wannan? Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi kauri.

Nan ƙasar Bune, tun farin 1973 da na 1984, rairayi yake gangarowa kwari yana binne dabino da goruba. Inda aka sare itace, iska ba ta da mai tare ta.

Malamanmu sun ce itacen da ka raya, ko tsuntsu ya ci daga gare shi, sadaka ce gare ka. To bana in kana sassabe, kada ka ƙone kututture mai tofo. Zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi, ka datse sauran da kaifin gatari. Manoman Maradi haka suka fara a 1983. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki.