Yawan Ci da Lafiyar Macijin da Ake Tsarewa

Gardawan da ke wasa da macizai a kasuwannin ƙasar Ƙanƙara, kamar 'Yargoje, sun san maciji yakan yi makonni bai ci komai ba. Dalili kuwa shi ne, ɗumin jikinsa daga rana yake samunsa, ba daga abinci ba. Saboda haka abincin da yake bukata bai kai na mage mai nauyinsa ba, ko kusa.

A shekarar 1998, masana biyu na Amurka, Secor da Diamond, sun bayyana cewa idan mesa ta haɗiye babbar dabba, aikin jikinta yakan ninka har sau 40, ƙaramin hanjinta ya ninka nauyinsa. Watau narkar da abinci wahala ce babba gare ta.

A daji, farauta ba kullum take yin kyau ba. Amma a cikin akwati, maciji yakan karɓi ɓera ko da bai gama narkar da na baya ba. Daga nan sai amai, kitse ya taru a ciki da hanta, ransa ya gajarta. Baligin maciji, ciyarwa ɗaya a mako biyu takan wadatar. Ƙin cin abinci lokacin saɓa ko hunturu kuwa ɗabi'arsa ce, kada a ɗura masa.